Rabin Ƙamus a Gwarzo, Rabi a Kabo

Gwarzo,
12 ga Mayu, 2024

Zuwa ga 'yata Sauda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarki, da ta maigidanki, da yara, da mahaifiyarki Hajiya Indo. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan mahaifinki Malam Tasi'u, ya yafe masa kurakuransa, ya albarkaci abin da ya bari.

Na san wannan gaisuwa ta makara, yau kwana hamsin ke nan. Ba zan ɓoye miki ba, kunnena ya mutu shekara huɗu da suka wuce. Ranar da aka sanar da rasuwar mahaifinki a masallacinmu ina sahun gaba, na ga mutane sun ɗaga hannu, ni ma na ɗaga, na shafa, ban san wa na yi wa addu'a ba. Sai bayan mako uku Uwaisu direba, tsohon ɗalibinmu, ya lura ban sani ba, ya rubuta mini a bayan takardar magani. Wannan shi ne uzurin mako uku. Sauran kwanakin kuwa kunya ce kawai. Waya ba ta da amfani a gare ni, shi ya sa na koma wa alƙalami, Uwaisu zai kawo miki.

Akwai kuma wata magana, ki yi haƙuri da na haɗa ta da ta'aziyya. A ɗakin karatun mahaifinki akwai akwatin ƙarfe kore, cike da katuna da muka yanka daga kwalin sukari da na shayi. Tun 1988, muna koyar da Turanci a sakandare ɗaya, muka soma haɗa ƙamus na kalmomin Turanci 'yan uwan juna, waɗanda ɗalibi ke zaton duk ɗaya ne alhali kowace da gurbinta. Muka raba aikin: daga A zuwa L nawa, daga M zuwa Z nasa. Ƙa'idarmu ita ce kati bai kammala ba sai ɗayan ya karanta ya yarda, sannan ya rubuta Alhamdu lillahi da Larabci a kusurwar ƙasa. Nasa hannuna ne a kansu, nawa hannunsa.

Matsalar rabon ita ce 'yan uwa sun rarrabu. Ga misali, alone tana wurina: mutum shi kaɗai, ba lallai da damuwa ba, kamar manomi a gonarsa. Lonely ma tana wurina, ita ce kaɗaicin da ke ciwo ko da mutum yana tsakiyar kasuwa. Akwai tsohuwarsu lorn, wanda aka tafi aka bari, Turawa sun daina faɗinta sai a cikin forlorn. To a ƙarshen kowanne na rubuta "duba solitary", wato wanda ya zaɓi zama shi kaɗai da kansa. Ita kuma tana Kabo. Kusan kowane kati nawa yana nuna hanyar gidanku da yatsa.

Shekarata saba'in da huɗu. Tun da matata Murja ta rasu ni kaɗai ne a gidan, ɗana Abdulrahman yana Fatakwal da iyalinsa. Burina ɗaya ya rage, in haɗa akwatin nan biyu wuri ɗaya kafin a neme ni. Ina roƙon ki nema mini alfarma wurin Hajiya.

Ki huta lafiya.
Babanki,
Mijinyawa

Gude,
2 ga Yuni, 2024

Zuwa ga Baba Malam Mijinyawa,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya. Mun gode da ta'aziyya, Allah ya ba da lada. Allah ya ƙara sauƙin kunne, ban san da wannan lalurar ba.

Baba, ka yafe mini idan na yi rashin kunya, ni malamar lissafi ce, ban iya kewaye-kewaye ba. Na karanta wasiƙarka sau biyu. Ta'aziyya layi uku ce, akwati ya cinye sauran takardar.

Mahaifina ya yi wata bakwai a kwance. Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga Gammo, daga Kano, har daga Katsina. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ya ce in leƙa in ga ko wane ne. Bai taɓa faɗin wanda yake jira ba, amma ni ba yarinya ba ce. Tsakanin Gwarzo da Kabo ba teku ba ne, kuma zumunci a ƙafa yake, ba a kunne ba.

Akwatin yana nan, na gan shi ranar sadakar bakwai. An rufe ɗakin sai Inna ta fita takaba ƙarshen watan Yuli. Ban yi mata maganarka ba, ba kuma zan yi yanzu ba, abin da ke kanta ya ishe ta.

Tambaya ɗaya nake da ita. Na taso na gan ku kamar hanta da jini. Kowace Asabar ko kai kana gidanmu ko shi yana gidanka, kuna musu kan Turanci har tuwo ya huce Inna tana faɗa. Rana ɗaya aka daina, shekara goma sha huɗu. Ya rasu bai gaya mana dalili ba. Me ya haɗa ku? Idan ina da haƙƙin in taɓa kayansa in ba wani, ina da haƙƙin in sani.

Na bar ka lafiya.
'Yarka,
Sauda

Gwarzo,
9 ga Yuni, 2024

Zuwa ga 'yata Sauda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Hajiya da yara. Yaya damina a wajenku? Mu nan an yi ruwa sau biyu, an soma shuka.

Ba ki yi rashin kunya ba. Bakin mahaifinki kika gado, shi ma idan ya faɗi gaskiya ba ya sa mata gishiri. Ga amsarki.

A 2010 muka kai samfurin aikin wurin wani mai buga littattafai a Kano. Ya ce ya yi yawa, sai an rage. Tasi'u ya ce abin da sauƙi, a zubar da matattun kalmomi, waɗanda muke rubutawa da jan biro don a bambanta su da masu rai. Ya ce ɗan Gude da ke fama da jarrabawa ba ruwansa da abin da Bature da kansa ya binne. Ni kuwa na ce sam. Na ce masa dubi ruth, tana nufin tausayi, ta mutu, amma 'yarta ruthless tana nan daram a kowace jarida. Yaya za ka koya wa yaro rashin tausayi ka ɓoye masa tausayin? Dubi kith, abokai da maƙwabta da mutum ya sani, ba ta iya fita ita kaɗai yanzu sai ta riƙe hannun kalmar kin, wato dangi. Wanda bai san matattun gida ba bai san gidan ba. Har gobe ina kan wannan ra'ayi.

Da a nan aka tsaya da ba komai, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Amma ranar walimar auren Abdulrahman maganar ta sake tashi a zaure, gaban malamai da tsofaffin ɗalibanmu. Tasi'u yana dariya ya ce ni maƙabarta nake ginawa ba ƙamus ba. Aka yi dariya. Raina ya ɓaci, na ce masa: "Kai ai ba malami ba ne, dillalin jarrabawa ne. Da ba don ni ba da ko ƙamus ba ka iya buɗewa." Ya ajiye cokali, ya sa takalminsa, ya tafi. Ƙarya na yi, ya fi ni sanin Turancin da mutane ke magana da shi nesa ba kusa ba. Na san ƙarya ce tun kafin in rufe baki.

Asabar ta zo ban je ba, ina jira ya zo. Ina jin shi ma haka. Asabar ta bi Asabar.

Da Murja ta rasu shekara uku da suka wuce ya zo gaisuwa. Ya zauna kusa da ni a tabarma, na ba shi hannu na kau da kai. Ba ƙiyayya ba ce, tsoro nake kada ya gane na kurumce ya tausaya mini. Ya daɗe a zaune, sannan ya tashi. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ban daina rubuta katuna ba. Ina da ɗari shida da 'yan kai da babu hannun kowa a kusurwarsu. Da hantsi nakan shimfiɗa su a tabarma in karanta da ƙarfi, ko muryata ba na ji. Akuyar maƙwabta ce kawai ke halartar darasin, ita ma kwalin take so.

Ki yanke hukuncin da kika ga dama. Roƙona ɗaya, ruwa ya sauka, kuma rufin ɗakin nan na ƙasa ne, tun da can yana yoyo ta gabas. Ki sa a ɗaga akwatin a ɗora bisa wani abu, saboda danshi da gara.

Ki huta lafiya.
Babanki,
Mijinyawa

Kabo,
4 ga Agusta, 2024

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Inna ma tana gaishe ka. Ta fita takaba lafiya ranar Litinin.

Baba, ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa. Labarin ba daɗi, kuma laifina ne.

Wasiƙarka ta yi mako bakwai a jakata. Na ji haushin abin da ka faɗa wa mahaifina a zaure, na ce bari kai ma ka ɗanɗana jira. Maganar ɗaga akwati ban isar ba. Tsakiyar watan jiya aka yi ruwa mai ƙarfi, rufin ya rufta ta gabas, daidai inda ka ce. Ƙasa ta danne akwatin, murfin ya ɓalle, katuna suka watsu har tsakar gida. Ina Gude ban sani ba, Inna kuma ba ta so ta tayar mini da hankali. Sauran bayanin ta ce in rubuta maka da bakinta, ga shi yadda ta faɗa:

"Malam, ina wuni, yaya gida, yaya kaɗaici? Ya haƙurinmu? Wallahi Malam ban sani ba. Na fito da safe na tarar da takardun nan cikin taɓo, kaji suna bi ta kai. Ni ban yi boko ba, amma na yi allo, na san sunan Allah in na gan shi. Na ɗaga wannan, ga Alhamdu lillahi a gindi. Na ɗaga wancan, ga shi. Na ce sunan Allah a ƙasa, a gidan mamaci, ni ina zaune? Na tsince su ɗaya bayan ɗaya, na shanya, na yi kwana uku ina warewa. Duk mai sunan Allah na ƙona shi a sabon kasko da alwalata, kamar yadda ake yi wa tsohuwar takardar karatu, na binne tokar a gindin lemon da ya dasa. Na ɗauka alheri na yi masa. Waɗanda ba su da sunan Allah na zuba a buhu na ce na hura wuta, sai kuma na kasa, don hannunsa ne. Malam, ka yafe mini. Kuma tun da an taɓo magana, ranar da ya je maka gaisuwar Murja ya cika aljihunsa da irin takardun nan, ya ce zai nuna maka. Da ya dawo na ga ya mayar da su akwati, ni kuma ban tambaye shi ba."

Baba, na tuna abin da ka rubuta a wasiƙar farko, na gane abin da ya faru. Duk katin da ka karanta ka sa wa hannu, duk aikin da kuka gama tare cikin shekara ashirin da biyu, shi ne ya ƙone. Da na isar da saƙonka a kan lokaci da ba a yi haka ba. Da na sani ƙeya ce. Na zarge ka da barin Asabar ta bi Asabar, ni ma ga shi na yi.

Buhun yana wurin Uwaisu tare da wannan takarda. Ban iya buɗewa ba. Ban san ko akwai abin amfani a ciki ba.

Ka yafe mana.
'Yarka,
Sauda

Gwarzo,
18 ga Agusta, 2024

Zuwa ga 'yata Sauda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Hajiya, ina mata barka da fita.

Ba zan yi miki ƙarya ba, kwana huɗu buhun yana zaure ban taɓa shi ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Murja. Solitary ta tafi, da dubban 'yan uwanta, kuma ba ni da shekarun da zan sake su. Ƙamus ɗinmu ba zai fito ba, na haƙura da wannan.

Ki gaya wa Hajiya babu abin yafewa. Mu muka rubuta sunan Allah a kwalin sukari, ita kuma ta girmama shi yadda aka koya mata. Cikin mu uku ita ce ta san darajar abin da ke jikin katin. Ke ma ki sauke wannan kaya daga kanki, rufin ya girme ki da yoyo.

A rana ta biyar na kwance buhun na juye a tabarma. Sauda, ja ne. Gaba ɗaya jan biro ne, kati ɗari huɗu da goma sha biyu, babu baƙi ko ɗaya. Matattun kalmomi ne zalla, daga M zuwa Z, waɗanda ya ce a zubar. Akwai sooth, gaskiya. Akwai wanhope, yanke ƙauna. Akwai overmorrow, ya rubuta a ƙasanta: "Jibi. Bature ya yar da tasa, yanzu sai ya yi kalma huɗu kafin ya faɗi abin da muke faɗa da ɗaya." Ga ruth ma, ya sake mata sabon kati ya cika gaba da baya, ya kawo misalan da ni ban taɓa gani ba.

Kin san shi da sa kwanan wata. Na farko ya rubuta shi mako uku bayan walimar nan. Na ƙarshe watan Fabrairun bana ne, rubutun ya karkace har layin ya gangara. Shekara goma sha huɗu yana gina mini maƙabartar da ya yi wa dariya, kuma kowane kati ya bar kusurwar ƙasa fara. Bai sa wa kansa hannu ba ko sau ɗaya. Abin da ya cece su daga kasko ke nan, jirana da suke yi.

Na zo neman akwati, ashe ba shi nake nema ba. So nake in san ko ya tafi yana fushi da ni, na rasa bakin tambaya.

Na soma karantawa, goma a rana, ina sa hannu. Na sami kuskure biyu, na gyara, na kuma yi masa faɗa da ƙarfi. Akuya ta ji.

Ki huta lafiya.
Babanki,
Mijinyawa

Gude,
22 ga Satumba, 2024

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Na karanta wa Inna wasiƙarka, ta yi kuka, ta yi dariya wurin akuya, ta ce halinka yana nan.

An gyara rufin. Inna ta ce in gaya maka ranar Asabar mai zuwa za ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, kuma wannan karon ba ta yarda ya huce ba. Uwaisu zai ɗauko ka. Za mu kai ka kabarinsa, sannan ka ga lemon.

Ka taho da naka ɗari shida ɗin. Turancina na lissafi ne, amma zan iya karatu, kuma ka ce na gaji bakinsa. Idan ban yarda ba ba zan sa hannu ba.

A lissafina, goma a rana, ya kamata ka kusa gamawa. Saura nawa?

'Yarka,
Sauda

Gwarzo,
25 ga Satumba, 2024

'Yata Sauda,

Wa alaikumus salam. Na gode, ki gode wa Hajiya. Zan zo in sha Allah, da katunan.

Saura ɗaya. Shi ne na watan Fabrairu, yokefellow. Ga abin da ya rubuta: "Abokin aiki na ƙut da ƙut. Asalinta shanun huɗa biyu da aka ɗaura wa karkiya ɗaya. Idan ɗaya ya tsaya ɗayan ba ya tafiya, sai dai ya yi ta kewaya wuri ɗaya. Duba fellow, akwatin Gwarzo."

Babu kuskure a ciki, na duba ya fi sau ashirin. Amma idan na sa hannu mun gama aiki da Tasi'u ke nan. Kullum da safe ina ɗauko shi in karanta, in buɗe biro, in rufe, in ce sai gobe.

Kada ki tambaye ni shi ranar Asabar. Yana aljihuna.

Ki huta lafiya.
Babanki,
Mijinyawa